Kujerar Tsakiya

Ni ban ƙi haɗin gwiwa ba, kada wani ya je ya ce na ƙi. Ranar da aka sanar cewa hukumar raya fasaha ta ƙasarmu da takwararta ta tsallaken iyaka za su haɗa hannu su ɗauki nauyin wasan kwaikwayo guda, kuma nawa aka zaɓa, sai da na taka rawa a kicin da ludayi a hannu, yara suna leƙena suna cewa Mama ta taɓu. Shekara da shekaru a garejin wani bakanike muke gwaji, labulenmu tsofaffin zannuwan gado ne. Yau ga babban zaure, ga fitilu, ga 'yan wasa daga can za su zo mu haɗu, ga motar da za ta tsallaka da mu mu sake yin wasan a wajensu.

Wasan ba mai wuyar ganewa ba ne. Wa da ƙane ne suka raba gidan gado, suka ja katanga a tsakiya, katangar ta zo ta tsaya daidai ƙofar ɗakin uwarsu. Uwar nan kuwa da muryar mutum ɗaya a kunnena na rubuta ta, wato Gwaggo Tsawa.

Matar marigayi kawuna ce, daga tsallake ya auro ta tun ba a haife ni ba. In ta kira yaro a tsakar gida, yaran maƙwabta ma amsawa suke yi, shi ya jawo mata sunan. Ba ta taɓa yarda an maƙala mata makirufo ba, wai ji take kamar tana magana a cikin bokiti. Gwiwoyinta sun fara gardama, kuma ta riga ta gaya mini wannan ne wasanta na ƙarshe. Abin da ya sa ma ta karɓa shi ne, a garinsu za a yi wasan karo na biyu. Can yayarta take, wadda ta raine ta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Yayar ta tsufa, ido ya tafi, ba ta iya doguwar tafiya, kuma ba ta taɓa zama a zaure ta ji ƙanwarta tana wasa ba.

“Ta ji ni sau ɗaya, 'yar nan,” in ji Gwaggo. “Daga nan sai in ajiye.”

Hukumomin biyu suka ɗora mana wani jami'i ya kula da yarjejeniya. Kalma ɗaya ce a bakinsa, daidaito, har muka laƙaba masa ita. Da tef ɗin awo irin na teloli yake yawo a aljihu. Shi ya auna tambarin hukumomin a jikin fasta don kada wani ya ɗara wani. 'Yan wasa rabi daga nan, rabi daga can. Kafinta namu, tela nasu. Hatta shayin da muke sha in mun huta, sukari daga asusun nan yake, madara daga asusun can. Kuma mutumin nan ladabi gare shi kamar me, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, don ba ka samun inda za ka kama shi da faɗa.

Muna tsakiyar gwaji wata rana da hantsi ya ja ni gefe.

“Ranki ya daɗe Darakta, akwai 'yar matsala game da Mama.”

“Wace Mama?”

Ya nuna Gwaggo da ido. “Hukumarmu ta ce a can aka haife ta, saboda haka a kason can za a lissafa ta. Hukumar can kuma ta ce takardunta na nan ne, a nan ta yi aure, a nan take zaune, saboda haka ta kasonmu ce. Kuma kowa ya riga ya cika kasonsa.”

“To ku sa ta a duka biyun.”

“Ba a lissafa mutum sau biyu, ranki ya daɗe.”

“Ku ƙara gurbi ɗaya.”

“Sai wani ɓangare ya fi wani da mutum guda.”

“Ku ƙara biyu mana, Malam.”

“Wannan sai kwamitin haɗin gwiwa ya zauna. Shi kuma sai baɗi zai zauna.”

Na tambaye shi wa zai fito a uwa ke nan. Ya yi murmushi irin na wanda ya zo da albishir. Wai an riga an samo mafita: za a raba uwar biyu. Wata yarinya tamu da muke kira Doguwa ta yi rabin farko, wata tasu da ake kira Gajera ta ƙarasa bayan hutu.

“Uwa ta tafi hutu doguwa, ta dawo gajera?”

“An yi tunanin wannan ma,” in ji shi. “Za a saya mata takalmi mai tudu.”

Ban tsaya yafa gyale daidai ba na nufi ofishin Babban Sakataren hukumarmu. Na yi zaman jira har ƙafata ta yi sanyi, sannan aka ce in shiga. Ya saurare ni yana juya biro a hannu.

“Kin san wahalar da aka sha kafin a sa hannu a yarjejeniyar nan?” ya ce. “Wasanki ne na farko. In ya tafi lafiya, bayansa akwai masu zane, akwai makaɗa, akwai marubuta, duk suna layi. Ba zan bari a ce mu muka fara karya ƙa'ida saboda tsohuwa ɗaya ba.”

A nan dai gaskiyarsa ce, akwai mutane a layi, wasu ma abokaina ne. Amma na ce, “Yallaɓai, ka karanta wasan kuwa?”

“An taƙaita mini.”

“An gaya maka inda katangar ta tsaya?”

Ya ajiye biron. “Ki ji ni da kyau. Duk wanda ba ya cikin kaso, ƙafarsa ba za ta taka dandalin nan ba. Na gama magana.”

Da na koma, na tarar labari ya riga ni. Gwaggo tana zaune tana ninke mayafin uwa, wanda telan can ya ɗinka daidai kafaɗarta. Doguwa da Gajera sun tsuguna gabanta suna sharar hawaye, suna rantsuwa ba su suka nema ba.

“Na sani,” ta ce da su. Ta dube ni ta yi 'yar dariya. “Ashe ni ba ta kowa ba ce. Na tsufa ina ganin gida biyu gare ni.”

Ba ta yi kuka ba, kuma ba ta daina zuwa ba. Kullum sai ta zo da sandarta ta zauna tana koya wa yaran nan yadda tsohuwa ke tashi daga kujera, da inda ake jan numfashi kafin a tsawata wa ɗa. Wannan ya fi komai ci mini rai. Ina kallon matar da na rubuta wasan dominta tana rarraba shi ga wasu da hannunta, ni kuma da ake kira Darakta ban iya tsinana mata komai ba. Kunya nake ji in haɗa ido da ita.

Ana gobe za a buɗe wasa, na shiga zaure na iske Daidaito a layin gaba yana tsara wurin zaman manya. Babban Sakatarenmu da tawagarsa a dama, Shugabar hukumar can da tata a hagu. Kujera ɗaya a tsakaninsu ya manna mata takarda: kada a zauna.

“Wannan fa?” na ce.

“Ita ce ta tsakiya, ranki ya daɗe. Duk wanda ya zauna a kanta a cikin su biyun, kamar shi ne babba. An kai ruwa rana a kanta, daga ƙarshe aka yarda a bar ta haka.”

“To a kason wa take?”

“Ba ta kowa ba ce.”

Na daɗe ina kallon kujerar nan. Ja ce, hannunta ɗaya ya ɗan goge, kuma daga ita zuwa bakin dandali bai fi a miƙa wa mutum kofi ba. Na ce masa madalla, Allah ya yi albarka, na fita.

Maigidana ne mai kula da fitilun zauren, ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai sanyin magana wanda bai taɓa samun takardar gargaɗi ba. Na same shi a gida da yamma yana gyara fankar ɗakin yara.

“Baban yara, fitila ɗaya nake so ka juya mini gobe.”

“Ina zuwa?”

“Layin gaba. Kujerar tsakiya.”

Ya ajiye sukudireba ya dube ni. Ba sai na ƙara bayani ba, ya san matar da ya aura.

“Darakta, sito za su mayar da ni, in dinga ƙirga kujerun roba.”

“Na sani.”

“Ke kuma ba za ki ƙara ganin tallafinsu ba.”

“Su riƙe.”

Ya ci gaba da ɗaure fanka, har na zaci ya ƙi. Can ya ce, “Fara kike so ko mai ruwan ɗorawa? Fara tana fito da tsufa.”

Gwaggo ce ma ta fi ba ni wuya. Ta ce ba za ta zama sanadin tsiyata ba. Na ce mata ai tsiya tsohuwar ƙawata ce, a garejin bakanike muka saba. An ce kada ƙafarta ta taka dandali, to ba za ta taka ba, wa ya hana 'yar kallo magana? Ta murza kan sandarta.

“In za a yi,” ta ce, “da tikitina zan shiga. Kada wani ya ce na yi kutse.”

Sauran 'yan wasa kuwa, na nan da na can, ko ɗaya bai ja da baya ba. Doguwa da Gajera na mayar da su maƙwabta masu leƙe ta kan katanga, don lissafin Daidaito ya zauna yadda yake a kan dandali.

Ranar wasa zaure ya cika. Babban Sakatare ya yi jawabi a kan zumunci, Shugabar can ta yi nata, Daidaito yana duba agogo don kada wani ya zarce wani. Aka rage haske. Ina leƙe ta gefen labule na hango Gwaggo tana gangarowa ta tsakiyar zaure, sanda a hannu, mayafin uwa a kafaɗa. Ta iso layin gaba, ta ɓare takardar nan ta ninke ta, ta zauna. Ta gai da na dama, ta gai da ta hagu. Su duka suka amsa, a zatonsu wata tsohuwa ce ta ɓata hanya. Daidaito ya taso a sunkuye zai je ya tashe ta, ni kuma na ce da mai labule ya ja.

A kan dandali ga katanga, ga ƙofar uwa, ga 'yar kujerarta ba kowa a kai. Babban ɗa ya shigo da igiyar awo, ya tsaya a bakin ƙofar ya ce, “Inna, kina ciki?”

Fitila mai ruwan ɗorawa ta baro dandali a hankali, ta sauka a layin gaba.

“Ina ciki,” in ji Gwaggo. “Wa ya ba ku izinin auna mini ƙofa?”

Muryar ta daki bangon baya ta dawo. Shugabar can ta saki takardar shirin da ke hannunta. Babban Sakatare ya yunƙura zai tashi, sai ya ga masu ɗaukar hoto sun juyo gaba ɗaya, hasken da ke kan Gwaggo ya ɗan taɓa shi, ya ɗan taɓa ita Shugabar. Duk wanda ya fara miƙewa a cikinsu, shi gobe za a ce ya fice daga taron zumunci. Ya koma ya zauna. Ita ma ta gyara zama. Haka suka kafe, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara, Gwaggo kuwa tana tsakaninsu tana zuba wasa kamar a tsakar gidanta.

Kusa da ƙarshe akwai inda aka gama katanga, uwa ta tambayi 'ya'yanta, su kuma a rubuce shiru za su yi. Gwaggo ta sassauta murya. Ta dubi dama, ta dubi hagu, ta ce, “To, a cikinku wa zai ɗauke ni?”

Yaran da ke kan dandali suka yi shirunsu na wasa. Na layin gaba ma suka yi nasu. Wallahi har ƙarar fankar sama ana ji. Da aka rufe labule mutane suka miƙe suna tafi, aka yi ta kiran Gwaggo ta hau ta gaisa, ta ɗaga tikitinta sama ta ce ita kallo ta zo.

Abin da ya biyo baya bai ba ni mamaki ba, sai dai ya ba ni dariya. An zauna a hukunta Gwaggo, hukumarmu ta ce mai laifin ta can ce, su hukunta abarsu, ta can ta ce a'a, tamu ce. Aka tashi ba a cimma komai ba. Ni kuwa babu gardama a kaina, ta nan ce ni gaba da baya, aka cire sunana daga masu neman tallafi har sai yadda hali ya yi. Maigidana ya koma sito. Wasan karo na biyu kuma bai soku ba, don sokewa sai da sa hannun ɓangare biyu, kuma ba wanda ya yarda ya fara sawa. Aka dai gargaɗe ni, aka kuma tabbatar mini an ɗauki mataki.

Motar hukuma ba ta da wurin Gwaggo, namu a layin dama, nasu a layin hagu. Maigidana, da yake yanzu lokaci ya yi masa yawa, ya ɗauki hutu ya rako ta a motar haya. Da na tarye su a ƙofar zauren can, na ga yana rungume da 'yar kujerar katako ta tsakar gidanta.

“Ta mece ce wannan, Gwaggo?”

“Na san halin 'ya'yana,” ta ce.

Ta kuwa san su. Matakin da aka ɗauka shi ne, an kwance kujerar tsakiya ɗungurungum an fitar da ita. Sai giɓi a layin gaba, ga ramukan ƙusa a ƙasa, ga Daidaito tsaye a wurin yana gadi. Da aka rage haske Gwaggo ta gangaro, maigidana a bayanta da kujera. Ina gefen labule ina leƙe.

“Mama,” in ji Daidaito ƙasa-ƙasa, “don Allah.”

“Ɗana, wurin nan na wa ne?”

Ya dubi giɓin. Ya dubi Babban Sakatare, ya dubi Shugabar can, kowannensu ya ɗauke kai yana kallon labule. Sai ya sa hannu a aljihu ya zaro tef ɗinsa, ya karɓi kujerar daga hannun maigidana, ya tsuguna, ya auna daga dama, ya auna daga hagu, ya ajiye ta.

“In za a yi, a yi shi daidai,” ya ce, ya koma gefe.

Mai fitilun can an ja masa kunne, bai juya ko ɗaya ba. A cikin duhu Gwaggo ta yi wasanta, ban kuma damu ba, don wadda aka zo dominta ba haske take bukata ba. Yayar tata tana can layin ƙarshe kusa da ƙofa, 'yarta ta kawo ta a keken guragu, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa cikin farin mayafi, ta karkata kai gefe tana saurare. Ba a taɓa kawo ta irin wannan wuri ba, kuma ina jin ba wanda ya tsaya ya yi mata bayanin yadda abin yake.

Aka gama katanga. Gwaggo ta ja numfashi a inda ta koya wa yara a ja, ta ce, “To, a cikinku wa zai ɗauke ni?”

Zaure ya yi tsit yadda aka rubuta. Sai wata siririyar murya mai rawa ta taso daga baya.

“Auta? Wa ya ce ba ki da mai ɗauka? Taho nan. Ni zan ɗauke ki.”

Ba wanda ya yi dariya. Gwaggo Tsawa, wadda tun da nake ban taɓa jin ta manta kalma ɗaya a wasa ba, ta buɗe baki ba abin da ya fito. Na ji ƙarar sandarta a ƙasa. Ta miƙe da ƙyar, ta bar kujerarta a tsakanin manyan nan biyu, ta kama hanyar baya tana cewa, “Ga ni nan, Yaya. Ga ni nan zuwa.”

Mai labule ya dube ni, don da sauran fitowa guda a rubuce. Hawaye ya hana ni ganinsa sosai. Na ce masa ya ja labulensa, ni na rubuta wasan, ni kuma na ce ya ƙare.